Sai a karo na uku Gizo ya yarda ya zauna a jikin allo

Abun ya faro ne wani dare da aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu tsakar gida, autata ta matsa sai na yi mata tatsuniya. Na ce ga ta nan ga ta nanku, na ɗauko ta Gizo da hankaki yadda kakarmu ke ba mu, wadda aka yi yunwa hankaki suka gano ɓaure a tsakiyar ruwa, Gizo ya lallaɓa su kowa ya sam masa gashi ɗaiɗai ya tashi tare da su, da aka je kuma duk ɓauren da wani ya nufa sai ya ce ai shi ya riga gani, har suka fusata suka ƙwace gashinsu suka bar shi ya faɗa ruwa cikin kadoji. Ina yin ƙurunƙus yarinyar nan ta ce "Umma, wai shi Gizon mutum ne ko ƙwaro?" Wallahi na rasa ta cewa, mu ko sau ɗaya ba mu taɓa tambaya ba. Sai na yi mata alƙawarin zan haɗa mata hotonsa ta gani.

Ni ban iya zane ba, ko kaza na zana sai an tambaye ni mene ne, amma hannuna ya saba da almakashi. Kuma na taɓa ganin masu yanka takardu da ƙyallaye suna liƙawa su fitar da hoto, kolaj ake ce masa, masu zanen nan su Picasso da Braque ne suka fito da shi fili a Faransa wajen 1912 da guntayen jaridu. Ni dai liƙe-liƙe nake kiransa. Na je wurin telan layinmu na ce Malam don Allah ƙyallayen da kake sharewa nake so, ya yi dariya ya ce "Hajiya ko filo za a cusa?" ya cika min leda. Hankaka mai da ɗan wani naka, da ragowar ankon mutane na fara.

Na farko a kan kwalin taliya na yi shi, na dama sitaci kamar zan saka wa kaya na lafta. Kwalin ya sha ruwa ya lanƙwashe, ga shi watan Agusta ne komai ba ya bushewa, kwana uku ya yi funfuna, kyankyasai suka zo suka ƙarasa sauran. Ashe walima na haɗa musu.

Na biyu na sayi farin gam irin na kafintoci, shi kam ya kama, sai dai garaje ya ci ni. Ina yankawa ina mannawa ban tsaya na ga yadda abun zai kasance ba, ruwan atamfa, bishiyar atamfa, Gizon ma atamfa mai manyan furanni, komai ya cakuɗe kamar shago a Kantin Kwari. Na nuna wa auta ina jiran yabo, ta ƙura ido ta ce "Umma wannan ai kaguwa ce." Maigida ya juya baya yana tarin ƙarya. Na tura hoton ƙarƙashin gado na ce na haƙura, wata biyu ban ko kalli almakashin ba, amma kullum sai ta tambaye ni ina Gizonta, kuma yaro ba a yi masa alƙawari a kwana lafiya.

Da hunturu ya shigo na sake ɗaura ɗamara. Na samo guntun silin wurin kafinta don shi ba ya lanƙwashewa, na je marinar Ƙofar Mata na sayi ɗan yanki mai rinin baba ya zama ruwan, shuɗi ɗaya tak babu kwalliya, a nan ne na gane idan bayan ya yi shiru sai na gaba ya fito. Kwana huɗu ban taɓa gam ba, ina jera yankakkun ina matsar da su, da dare na ɗauki hoto a waya da safe na duba, kuma abun mamaki kuskuren da ido bai gani ba a allo ƙaramin hoton waya yake tona shi. Hankakin baƙin yadi na yi musu da farar shadda a ƙirji kamar yadda Allah ya yi su. Shadda akwai tsiyayewa a baki, sai na koyi shafa mata gam ta baya ta bushe kafin na yanka. Ɓauren maɓallai ne, bakin ruwan jar ƙasa ce na kwaɓa da ƙaro, shi dai wanda ake sa wa tawadar allo. Wajen mannawa na sassauta gam ɗin da ruwa kaɗan, na fara da na can baya na taho gaba, kowane layi na rufe da leda na ɗora littattafan yara ya kwana.

Gizon ne ya fi ba ni wuya. Ƙafafu takwas da tsinken tsintsiya, gashin aron da na tsinto na zabi da kaji a wurin mai fige su, amma har yanzu ƙwaro ne kawai, babu wannan rashin kunyar tasa. Sai da na yanko bakin wata tsohuwar hular maigida na ɗora masa a karkace, nan take ya zama shi, har kamar ka ji tsamin bakin nan nasa.

Auta ta dawo daga islamiyya ta tsaya a gabansa ta daɗe, ta ƙirga hankakin, ta ƙirga ƙafafun, sannan ta sa yatsa a kan shuɗin ta ce "To ina kadojin?" Jiya na koma wurin tela, ya ce kore ya yi wuya a ɗinkin bana, amma na leƙo ranar Asabar.