Aikin cron ya kwana lafiya a ƙarshe

Alhamdulillahi, jama'a, yau ajiyar bayanai ta ƙarfe biyu na dare ta kammala ba tare da ta mutu a hanya ba.

Abin da ke cin rai shi ne, in ka kunna rubutun ajiyar (script) da hannu sai ya tafi sumul, amma in cron, manhajar Linux mai tayar da ayyuka a kan lokacin da aka tsara, ya ɗauka sai ya faɗi da "Too many open files". Layin `* soft nofile 65535`, mai ƙayyade yawan fayilolin da aiki zai iya buɗewa a lokaci ɗaya, na nan daram a /etc/security/limits.conf, kuma `ulimit -n`, umarnin duba wannan iyaka, a tasha (terminal) na nuna 65535. To ina matsalar?

Kar ku yarda da abin da tasharku ta nuna. Ku tambayi cron da kansa, ku sa wannan a crontab, wato jadawalin ayyukan cron, na root, asusun mai cikakken iko a na'urar:

`* * * * * ulimit -n > /tmp/iyaka.txt`

Bayan minti ɗaya fayil ɗin ya nuna 1024. Ashe a Debian da Ubuntu alamar tauraron nan ba ta shafi root, sai an ambaci sunansa ƙarara: `root soft nofile 65535`, da wani layin na hard. Ku kuma leƙa /etc/pam.d/cron ku tabbatar pam_limits.so na ciki, domin shi ke karanta limits.conf duk lokacin da aiki zai tashi. Masu amfani da timer na systemd a madadin cron kuwa, limits.conf ba ruwansa da ku sam; LimitNOFILE=65535 za ku sa a fayil ɗin service, sannan `systemctl daemon-reload`.

Ana gama wannan sai wata ta kunno kai: aikin na fita da lamba 137, log ɗinsa shiru. 137 ai 128 ne da 9, wato SIGKILL, kashe shi aka yi. `journalctl -k | grep -i oom` ya tona asiri: RAM ne ya ƙare, tsarin ya kashe aikin. Sanadin kuwa umarnin matse fayil xz -9 ne, wanda shi kaɗai yana neman kusan 674 MiB wajen matsewa, a saba (server) mai RAM 1 GB da manhajar rumbun bayanai ta MySQL ke zaune a kai. Ƙara RAM na nufin ƙarin dala duk wata, a wannan canjin kuwa ba wasa ba ne. Komawa xz -6, mai cin kusan 94 MiB, ya kashe maganar, fayil ɗin bai ƙara wani girman a-zo-a-gani ba.

An kuma sa `flock -n /tmp/ajiya.lock` a gaban umarnin, don kar sabon aiki ya hau kan wanda bai gama ba. Saura swap na 2 GB, wato wuri a faifai mai tallafa wa RAM, da gwada dawo da ajiyar a wata na'ura.