Ɗinkin kayan sojan Rundunar Nijeriya ta zamanin Turawa

Kayan faretin sojan ƙasa na rundunar Afirka ta Yamma, wadda Rundunar Nijeriya ke cikinta, wadda kuma Lugga ya fara haɗawa a 1897, su na fi ɗinka wa masu tara kayan tarihi: jar dara, riga da gajeren wando na kaki, jar falmaran mai bakin rawaya, sai jar ɗamara.

Kaki shi ya fi ba ni wahala. Wanda ya cika kasuwa yanzu akwai roba a cikinsa, yana sheƙi, kuma ba ya shan sitati. Auduga zalla nake nema, mai kauri, mai saƙar karkace. Yadi huɗu na isar riga da wando. Kafin almakashi ya taɓa shi sai na jiƙa shi ya kwana, na shanya, na goge. Saitin farko da na yanka ba wanki, wandon ya tsuke har maɓallin ƙugu ya ƙi haɗuwa.

Falmaran yadi ɗaya na jan ulu ya ishe ta. Gajera ce, gabanta a buɗe. Bakin rawayan da hannu nake ɗora shi, domin keke na tattare shi a lanƙwasar ƙasa. Jan yadi kuwa sai an gwada: a goga farin ƙyalle mai danshi a kansa. In ya rine, haka zai zuba wa kakin launi, kuma ba ya fita. A kula, shuɗiyar falmaran ta 'yan igwa ce.

Inda masana ke kama mutum shi ne baje. Bishiyar kwakwa ce ta tagulla da haruffan WAFF, gajeren sunan rundunar da Turanci, a ƙasa, amma sai a 1928 aka ƙara harafin R (Royal, wato ta sarauta) a gaba. Saboda haka baje mai RWAFF a jikin kayan yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916 kuskure ne, kowane irin kyau ɗinkin ya yi. Haka ma dara: tamu tsayayya ce, kada a musanya ta da jar hula mai laushi ta sojan Faransa da aka sani a Nijar.

Ba na tsufar da kaya da ruwan shayi ko da an roƙe ni. A cikin kowace riga, ƙarƙashin wuya, ina ɗinka ɗan farin ƙyalle da shekarar da na yi ta.