Tara bindigogin ado a Zariya: wadda za ka saya da wadda za ka bari a kanti

Wanda ya taso yana kallon 'yan bindigar Sarkin Zazzau ranar hawan sallah, ko yana leƙen kuratan soja ta ƙofar Daffo, barikin horar da sababbin sojoji, ba abin mamaki ba ne sha'awar ƙirar bindiga da tarihinta ta kama shi. A ƙasashe da dama wannan sha'awa tana da kasuwarta: kamfanoni na ƙera kwaikwayon bindigogi da ba sa harbi, mutane na saya su jera a kabad. A nan ma ana iya yi, sai dai mai farawa yana da tambaya biyu a gabansa. Ta farko, me doka ta kira bindiga. Ta biyu, me ɗan sanda ko soja ko ɗan sintiri zai gani idan ya haska but ɗin motarka da tocila da daddare a hanyar Kaduna. Duk abin da za ka saya sai ya tsallake duka biyun.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindiga gida uku. Kashin farko su ne haramtattu: bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, da kowace irin ƙaramar bindigar hannu, fistol ko libarba. Shugaban Ƙasa ne ke da ikon ba da lasisinsu, kuma wanda aka kama da ɗaya babu lasisi, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10. Kashi na biyu bindigogin farauta irin su mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ɗaurin kan kai shekara 5. Na uku bindigar toka da 'yan'uwanta da ake ɗurawa ta baki, waɗanda izininsu ke wajen kwamishinan 'yan sandan jiha.

Ramin da sababbin shiga suka fi faɗawa yana cikin kashi na biyu, domin dokar ta sa bindigar iska a can, doguwa da gajera. Ƙaramar bindigar iska kuma tana cikin jerin kayan da kwastan suka haramta shigowa da su kwata-kwata. To akwai wasu bindigogin roba masu harba 'yan ƙwallaye na milimita 6 da ƙarfin sifirin ko gas ko batir, ana tallarsu a intanet a matsayin kayan wasa, girmansu da launinsu sak na gaske. Mai sayarwa zai ce maka wasa ce. Kai dai kada ka yarda ka zama mutumin da za a je kotu a tantance wannan magana a kansa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: duk abin da ke fitar da wani abu ta baki, ba na kabad ɗinka ba ne. Masu buga harsashin ƙara, waɗanda ke tashi da albarushi amma babu dalma, sun fi haɗari, saboda ɓata-gari na sauya su, jami'an tsaro kuma kallon bindiga suke yi musu.

Tsufa ma ba ya fitar da bindiga daga doka. Bindigar tokar kaka da ke rataye a zaure, ko ta yi tsatsa ko kunamarta ta maƙale, bindiga ce. Ƙaramar bindigar hannu mai ƙyastu ta zamanin da, dokar ta ambace ta da suna a cikin haramtattu. Dokar Fashi da Makami ta 1984 kuma tana lissafa bindiga ko a haɗe take ko a wargaje, don haka cire bututu a ajiye shi daban ba dabara ba ce. Wanda ya gaji irin wannan ya nemi lauya su je wajen 'yan sanda tare. Haka batun maƙera: idan ka sa maƙeri ya yi maka bindigar toka ta ado da bututun ƙarfe mai rami, kun ƙera bindiga ne kai da shi, ƙira babu izini kuwa laifi ne mai zaman kansa. In kana son aikin hannu na gida, ba masassaƙi itacen maɗaci ya fitar da ita gaba ɗaya, har bututun, dunƙulen itace babu rami.

Abin da ya fi dacewa da mai farawa a garin nan shi ne ƙanana. Ana auna su da ma'auni: 1:3 na nufin kashi ɗaya bisa uku na girman ta gaske. AK-47 tsawonta kusan santimita 88 ne, a 1:3 sai ta dawo 29, a 1:6 wajen 14 da rabi, a 1:35 kuwa santimita biyu da rabi kacal. Masu 1:3 galibi zubin ƙarfe ne, suna zuwa a warware da 'yan sukurori, gidan harsashinsu na cirewa, wasu har da harsasan bogi. Masu 1:6 roba ce, an yi su ne don mutum-mutumin soja mai tsawon santimita 30, kuma su suka fi yawan nau'i da sauƙin kuɗi. Masu 1:35, irin waɗanda kamfanin Tamiya na Japan ke yi, a jikin firam suke zuwa, kai za ka yanka ka yi fenti. A ganina 1:6 ce mafi daɗin farawa: ana ganin kowane sashe da ido, talatin na shiga faranti ɗaya, kuma babu mai hankalin da zai ɗauke ta makami.

Masu cikakken girma fa? Kamfanin Denix na Sifen ya yi suna a kansu, yana zuba su da wani gaurayen tutiya da alminiyam da ake kira zamak, ya sa musu ƙotar itace. Suna da kyau a bango, amma a nan sai an zaɓa. Doguwar bindiga mai ƙyastu ta ƙarni na 18 kowa ya gan ta ya san ta tarihi ce. Baƙar fistol ta zamani ko AK mai cikakken girma kuwa jan magana ce tsagwaronta, a ƙasar da 'yan fashi ke tare mutane da bindigar roba. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ajiye su ba, kuma leta mai siffar fistol ma tana cikinsu. Kada fenti mai launin ruwan lemu da ake shafa wa bakin bututu don nuna ta wasa ce ya ruɗe ka. Wannan dokar Amurka ce ta 1988. Ingila na da tata ta 2006, wadda ƙa'idojinta na 2007 suka ware masu launi mai haske da waɗanda ba su kai milimita 38 a tsaye da 70 a kwance ba. Japan tun 1971 ta wajabta toshe bututun ƙananan na ƙarfe da shafa musu fari ko rawaya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke aiki a shingen bincike na Kwangila.

Kafin ka biya kuɗi, je da siririn tsinke da mayen ƙarfe. Zura tsinken a bututu: ya kamata ya ci karo da toshiya kusa da baki. Idan ya zarce har gindi, mayar wa mai kaya abinsa. Ɗora mayen ƙarfen a jikin bututun: zamak ba ya kama shi, sukurori da sifirin ne kawai za su ja. Bututun da ya kama gam, ƙarfe ne na gaske, kuma wannan dalili ne na ja da baya. Duba ɗakin harsashi ko a cike yake, duba ko akwai allurar da ke bugun harsashi, sannan nemi sunan kamfani a jiki ko a kwali. Abin da ba shi da suna, ba shi da kwali, mai shi kuma ba ya son rubuta rasit, bar shi ko da kyauta ne.

Oda daga waje ita ce inda kuɗi ke salwanta. Manyan kamfanonin aika kaya da dama ba sa karɓar kwaikwayon bindiga sam, na'urar haska kaya kuma siffa take nunawa. A jirgin sama ba a shiga da su a jakar hannu. Kayan da suka shafi tsaro na buƙatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, saboda haka duk abin da ya fi 1:6 girma, rubuta wa kwastan da hoto da ma'auni ka karɓi amsa a rubuce kafin ka tura ko kwabo. Kuma kada ka yarda mai sayarwa ya rubuta wani suna daban a takardar kaya don su wuce. Wannan ƙaryar ce ke mayar da abu halal ya zama fasa-ƙwauri.

Buɗe fayil tun daga ta farko: rasit, hoton kowace ɗaya kusa da rula, hoton toshiyar bututu, da takardar kamfani mai cewa ba ta harbi. Kabad ya zama mai kulle, a ɗakin da ba a gani daga titi. Yaro ɗaya da ya fita lungu da ita ya isa ya tara maka unguwa. Hoto da ita a hannu a Facebook ko TikTok ma haka, domin a hoto ba a gane girma balle toshiya. In za ka kai su baje koli a makaranta ko wajen ɗaukar fim, sanar da ofishin 'yan sandan yankin a rubuce tukuna, ka ɗauke su a kwalinsu da fayil a sama, da rana.

Tari ya fi armashi idan yana da zare, tarihin ƙasar nan kuma ya ishe ka. Fara da bindigar toka ta itace. Bi ta da Maxim, mai jigida wadda Turawa suka zo da ita lokacin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shekara guda bayan sun mamaye Zariya. Sai Lee-Enfield mai harsashi .303, wadda a 1:6 ba ta wuce santimita 19 ba, da Bren, makaman da sojojinmu suka riƙa a ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Bataliya uku na Najeriya sun yi yaƙi a can cikin rundunar Birtaniya ta musamman mai suna Chindit a 1944, sunan da barikin Daffo ke amsawa har yau. Bindigogin FN da G3 su rufe da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ƙaramin kati a ƙarƙashin kowace, da suna da shekara da ma'auni, yana gaya wa baƙo, har da mai kaki, abin da yake kallo.

Wajen haɗa na roba, wanke firam ɗin da ruwan sabulu tukuna, don akwai maiƙon masana'anta da ke hana fenti zama. Yanke sashe da 'yar tazara daga jikinsa, ka goge ragowar da samfefa mai lamba 600 sannan 1000. Gam kaɗan a bakin tsinken sakace ya isa. Sufa gulu in ya yi yawa yana barin farin hazo a kewaye. Shafa baƙin fenti marar ƙyalli shafi biyu marasa kauri, ka bar shi ya kwana. Sannan kankare bakin fensir a takarda, ka dangwali garin da yatsa ka murza a gefuna da kan kunama: nan take robar za ta ɗauki ƙyallin ƙarfen da hannu ya daɗe yana taɓawa. Na zubin ƙarfe kuwa, sukuru na tsayawa ka tsaya, domin zaren ramin laushi gare shi, juyi ɗaya na ƙari ya cinye shi.

Yanayin Zariya na cin kayan nan ta fuska biyu. A watan Agusta laima na sa sukurori da sifirin tsatsa, itace ya yi fumfuna. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙarau, ƙota ta tsage, ƙura ta shiga ko'ina. Sa 'yan ƙunshin silika, irin na cikin kwalin takalmi, kamar giram 100 a matsakaicin kabad da damina, ka riƙa gasa su a wuta marar ƙarfi, wajen digiri 110, in sun sha ruwa. Da hunturu cire su, ka shafa wa itacen kakin zuma sama-sama. Ƙura da burushin kwalliya mai laushi ake share ta, tsumma na karya ƙananan sassa. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya ya wadatar a mahaɗa. Man gyaɗa daskarewa yake ya yi danƙo, fetur da tina kuma narkar da roba suke. Kada ka shimfiɗa musu soson katifa, yana ruɓewa ya manne wa fenti, yadin auduga ya fi. Rana ta taga da zafin ɗakin kwano a watan Afrilu na lanƙwasa siririn bututun roba.

Hana baƙi wasa da kunama. Zamak ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar ƙuli, kuma ba ya karɓar walda irin ta bakin titi, don yana narkewa tun bai kai digiri 400 ba. Abin da ya karye sai gam mai haɗi biyu, a ɗaure shi awa 24. Idan kuma ka ga jikin wata ya fara kumbura yana tsattsagewa da kansa, zubin ne aka gurɓata da dalma tun a masana'anta, laima na ƙara masa gudu, kuma ba ya gyaruwa. An fi samun haka a masu arha marasa suna, shi ya sa ake juya ta a hasken rana a duba kewayen ramukan sukuru, inda tsagar ke fara bayyana, kafin a yi ciniki.