Yau Na Haɗa Akwatin Kifi, Amma Ba Kifi a Ciki

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau na cika rabin alkawarin da na yi wa Auta tun bara. Akwatin gilashin yana falo cike da ruwa, iska tana ɓulɓulowa daga ƙasa, amma ko kifi ɗaya babu a ciki, kuma ba zai shiga ba sai nan da wata guda ko fiye.

Bara na sayo mata kifayen ado guda biyu, masu ruwan zinaren nan, a cikin 'yar kwalba mai faɗin baki. Wanda ya sayar mini ya ce abinci kawai suke bukata. Kwana huɗu suka yi. Na biyun ita ta tarar da shi da safe a saman ruwa, cikinsa a sama, ta yi ta kuka har ta ƙi zuwa Islamiyya. Abin ya tsaya mini a rai, domin rai ne na killace a inda ba zai iya nema wa kansa komai ba. Daga baya na gane irin wannan kifi girma yake yi, yana iya kai taƙi guda, kashinsa kuma da yawa, ruwan 'yar kwalba ba ya daɗewa yake zame masa guba.

Akwatin da na sayo tsawonsa santimita 60 ne, faɗi 30, tsayi 30, wato lita 54. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, in an haɗa da tsakuwa da gilashin kansa ya fi buhun siminti nauyi. Saboda haka na ture teburin roba na jawo na katako, na shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin kayan lantarki, sannan na ɗora. Na nisanta shi da taga, don rana in ta samu ruwa gansakuka take haifarwa, kuma da bazara tana iya dafa shi.

Wankin tsakuwa ne ya cinye mini hantsi. Sau shida ina zubar da ruwa kafin ya daina fitowa da ja. Maman yara ta miƙo mini garin sabulu, ta ce, "Abban Auta, ka sa wannan mana ka huta." Na ce a'a, ɗan abin da zai maƙale ya isa ya kashe kifi. Har bokiti sabo na saya na ɗaura masa jan ƙyalle, na roƙe ta kada a taɓa yin wanki da shi. Ruwan kuwa na famfo ne da na tara tun Alhamis a baho a buɗe, don sinadarin kulorin da ake sawa a kashe cuta ya fice, na kuma ɗiga maganin da ke karya shi. Na kifa faranti a kan tsakuwar na riƙa zuba ruwan a kansa don kada ya dama ƙasa. Na cika, na zauna ina shafa kusurwoyi da yatsa ko zan ji yoyo. Alhamdulillahi, a bushe suke.

La'asar sakaliya Auta ta dawo daga gidan kakarta. Ta manna hanci a gilashi ta duba hagu ta duba dama.

"Abba, ina kifin?"

Na zaunar da ita na yi ƙoƙarin bayani daidai hankalin 'yar shekara bakwai. Kifi yana fitar da wani abu da ake kira amoniya, ta kashinsa da ta wajen numfashinsa, kuma guba ne. A kogi ruwa mai yawa ke tafiya da shi. A akwati kuwa sai an samu wasu ƙananan halittu, bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, su zauna cikin soson matatar ruwa da jikin tsakuwa. Wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in ana sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Kafin su yi yawa ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Na ce mata su ne masu sharar gidan, ba a kai amarya gidan da ba a share ba. Nan ta yi dariya, ta tambaya ko su ma suna cin abinci. Na ba ta ɗan garin abincin kifi ta barbaɗa da kanta. Zai ruɓe ya saki amoniya, su kuma su samu abin ci su hayayyafa.

Wani abokin aikina da ya daɗe yana kiwon kifin ado ya ce gobe zai yanko mini ɗan soso daga matatarsa, a jiƙe cikin leda, don nawa su samu iri. Ya ja kunnena kada in taɓa wanke soso a bakin famfo, sai cikin ruwan da na ɗebo daga akwatin. Na kuma sayi kwalaben gwaji. Ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili, ranar za mu je sayen kifi.

Mun tsaya a kan gufi, ƙananan nan masu faffaɗar jela. Asalinsu daga arewa maso gabashin Amurka ta Kudu ne, wajen Benezuwela da tsibirin Tirinidad, kuma an kai su ƙasashe da yawa don su cinye tsutsar sauro. Ba ƙwai suke zubawa ba, 'ya'ya suke haifa masu rai. Shida za mu fara da su, maza biyu mata huɗu.

Abu biyu ke damuna. Lokacin da za su shigo hunturu ya kankama, su kuwa ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27 suke so, sanyin asubar Kano a Disamba ba zai bar shi haka ba, dole in nemi na'urar ɗumama ruwa. Sai kuma wuta. In matata ta tsaya sa'o'i da yawa, bakteriyan suna rasa iska su fara mutuwa.

Ina cikin rubutun nan aka ɗauke ta. Na tashi da tocila na jona injin iskar da ƙaramin batirin solarmu, ɓulɓulin ya dawo. Auta ta leƙo daga ɗaki da ido rabi a rufe, ta ce, "Abba, masu sharar suna nan?" Na ce suna nan, je ki kwanta. Gobe in Allah ya kai mu zan nemi murfi, an ce gufi suna tsalle.