Kabejin Sin da pakcoi a fadamar Zariya: sanyin hunturu ne jarin

Duk wanda ya iya kabeji da latas a bakin Galma ko Kubanni, ya riga ya san rabin aikin kayan lambun Asiya. Pakcoi, wato ganyen Sin mai kaurin kara da ba ya dunƙule kai, da kabejin Sin mai dogon kai, da daikon, wato doguwar farar radish ɗin mutanen Japan, duk dangin kabeji ne, sanyi suke so. Sanyin Zariya kuwa gajere ne, daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da awon zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 ko 15 da dare. Da Maris ya kama, rana ta haura 35, zance ya ƙare.

Shi ya sa daga ranar girbi ake faro lissafi a dawo baya. Kabejin Sin na cin kwana 65 zuwa 80 daga zuba iri, kuma ba ya dunƙulewa da kyau sai da sanyi. Wanda ya zuba iri a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, kan zai dunƙule masa a tsakiyar hunturu. Wanda ya tsaya sai Janairu, ganye zai samu a baje, ba kai. Pakcoi ya fi sauƙin kai, kwana 40 zuwa 50 ya isa yanka, don haka ana iya zuba shi kashi-kashi duk bayan kwana goma har farkon Janairu. Gara haka da a cika gona rana guda, domin idan ya isa ba ya jiran mai saye.

A wajen reno ake yawan yin asarar farko. Saiwar kabejin Sin ba ta da juriyar ta kabejinmu. In aka fizge shi daga ƙasa aka dasa, sai ya yi mako yana jinya, wani ma daga nan ya miƙe ya yi fure. A rene shi a farantin reno mai ramuka ko ƙananan leda, a dasa da ƙasarsa da yamma, yana da ganye uku ko huɗu, wajen kwana 18 zuwa 21. Kada a bari ya tsufa a wurin reno. Giram ɗaya na irin yana da ƙwaya wajen 300, don haka giram 250 ya ishi hekta guda in an ba da tazarar santimita 40 tsakanin tushe da tushe, 50 tsakanin layi. Pakcoi santimita 25 ta kowane gefe ya wadatar, fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita goma zai ɗauki tushe 160.

Irin wannan fangali na son ruɓaɓɓen taki kilo 20 zuwa 30, da kamfa 15-15-15 giram 300 zuwa 400 kafin dashe, sai yuriya giram 100 bayan mako biyu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a bar shi ya huce tukuna.

Ban ruwa ne ke raba gwani da ɗan koyo. Saiwarsu a sama-sama take, iskar hunturu kuma busasshiya ce, tana zuƙe laima kafin azahar. Ruwa kaɗan-kaɗan duk kwana biyu ko uku ya fi a cika fangali sau ɗaya a mako. Idan ƙasa ta bushe sannan aka malala mata ruwa, sinadarin kalsiyam ba ya kaiwa ga ganyen ciki. Daga waje kan zai yi kyau sumul, sai an tsaga shi biyu a tarar bakin ganyen tsakiya ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Yawan yuriya na ƙara wannan matsala. Ruwan da ya kwanta a gindi kuma shi ke kawo ruɓa mai wari, wadda ke mai da tushe kamar kunu. Tushen da ya kamu a tuge shi a fitar da shi daga gonar gaba ɗaya, kada a jefar a bakin hanyar ruwa.

Babbar abokiyar gaba ita ce ƙaramar koriyar tsutsar kabeji. A juya bayan ganye a duba: tana cin ganyen ta bar fata siririya kamar leda, in aka taɓa ta sai ta yi mutsu-mutsu da baya ta faɗo tana lilo a jikin zare. Cikin mako biyu zuwa uku take hayayyafa sabon zubi, kuma ta saba da magunguna da yawa, musamman inda maƙwabta ke feshin magani iri ɗaya shekara da shekaru. A riƙa sauya magani zuwa wanda sinadarinsa ya bambanta, ba sunan kwalba kawai ba. Maganin Bt, wanda ake yi daga wata ƙwayar bakteriya, yana kashe ta tana ƙarama. Ƙwayar darbejiya da aka daka, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ta kwana a tace, tana rage ta, tana kuma rage darɓa. Feshi da yamma, a bayan ganye. Pakcoi ganyensa ake ci kuma kwanakinsa kaɗan ne, saboda haka a kiyaye tazarar da aka rubuta a kwalba tsakanin feshi da yanka.

Daikon ba a dasa shi. A shuka kai tsaye a kan kunya mai laushi da zurfin santimita 30, a rage a bar santimita 12 zuwa 15 tsakani. Dutse ko ɗanyen taki na sa shi ya yi ƙafa biyu, in kuma ya wuce kwana 60 zuwa 70 cikinsa ya zama kamar soso.

Saura kasuwa, kuma da ita ya kamata a fara. Mai sayen kayan miya a Sabon Gari bai san pakcoi ba tukuna. Masu sayensa gidajen abincin Sin ne da otal-otal da manyan shaguna a Abuja, Kaduna da Kano, inda za a yi gogayya da kayan Jos. A yi magana da mai saye kan yawan da yake so duk mako kafin a buɗe ledar iri, a fara da fangali biyar ko goma. Ranar yanka a fito da asuba, a sare a gindi, a kai inuwa nan take, domin awa guda a iskar hunturu ta isa ta sa pakcoi ya langaɓe. A jera shi a akwatin roba mai huda, ba a kwando ko buhu ba, a rufa da jiƙaƙƙen buhun algarara, mota ta tashi da sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana.