Wata shida da jakar ruwa a ƙodata

Talata, da daddare.

Yau wata shida cif da aka ce mini akwai jakar ruwa a ƙodata ta hagu. Ba ita aka je nema ba. Ciwon ciki ne ya sa aka ɗauke ni hoto, sai aka hango ta a gefe. Ba ta taɓa yi mini ciwo ba, amma tun daga ranar ba ta bar raina ba.

Jiya aka ɗebi jinina don a tabbatar ƙodojin za su iya tace rinin da za a sa mini. Da safe na kwanta a injin CT, aka ɗauki hoto, sannan aka tura rinin ta jijiya. Wani ɗumi ya ratsa ni daga wuya har ƙasa, bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Aka sake ɗauka. Ruwa zalla ba ya shan rini, domin babu jijiyar jini a cikinsa. Nama mai rai kuwa yana sha, ya yi haske a hoto, kuma wannan hasken ake nema.

Da yamma Likita ta jera hoton farko da na yau a kwamfuta.

“Malam, duba nan. Waɗannan siraran layukan shingaye ne a cikin jakar. Guda huɗu ne, kamar wancan karon, kuma babu wanda ya wuce milimita 2.”

Na ce ta sake yi mini bayanin rukunan da ake kasa irin wannan jakar, don wancan karon tsoro ya toshe mini kunne. Wani likitan hoto na birnin New York, Morton Bosniak, shi ya tsara su a 1986, aka yi musu gyara a 2019. Rukuni na I ruwa ne tsantsa cikin siririn bango, irin wanda ake yawan gani ga masu shekaru sama da 50. Na II yana da shinge ɗaya zuwa uku sirara, shi ma ba a bibiyarsa. Na III bangonsa ko shingensa ya kai milimita 4 ko ya yi gargada, kuma idan aka yanke aka gwada, kusan rabi ciwon daji ne. Na IV akwai dunƙulen nama mai shan rini, mafi yawansu daji ne.

Tawa tana tsakanin II da III, ana kiran ta IIF. Harafin ƙarshen yana nufin a ci gaba da sa ido.

Nan na faɗi abin da na zo da shi daga gida. Yaya ya matsa mini tun makon jiya cewa a cire kawai a huta, ni ma zuciyata ta karkata can. Na ce, “Likita, me zai hana a yanke ta?”

Ba ta yi gaggawar amsa ba. Ta ce mafi yawan irin tawa ba daji ba ne, kuma tiyata ko ta ɓangare ce tana tafiya da lafiyayyen naman ƙoda wanda ba ya dawowa. Waɗanda suka zama daji ma galibi a hankali suke tafiya, hoto yana kama su da wuri. Abin da ya fi ba ni mamaki: girman jakar ba shi ne ma'aunin rukuni ba. Ni da na yi wata shida ina haddace santimita! Kaurin bango, yawan shinge da sabon dunƙule su take dubawa.

Gaskiya jira yana da nauyi, kuma ina ganin ba a cika gaya wa marar lafiya haka ba. Amma yau na ga hotuna biyu gefe da gefe, na ƙirga layukan da idona, na yarda akwai mai tsaro a kan lamarin. Alhamdu lillahi.

Zan koma bayan wata shida, daga nan sau ɗaya a shekara har a cika shekara 5. Ta ce idan na ga jini a fitsari ko ciwo ya tsaya mini a kwiɓi, kada in jira ranar. Ta kuma ce in adana faifan hotunan, don duk likitan da zai duba ni gaba sai ya gwada da na baya.

Na kira Yaya bayan isha'i. Ya yi shiru, can ya ce, “To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ranar komawar ka sanar da ni, tare za mu je.” Na rubuta ranar a kalanda, na saka faifan a aljihun tebur.