Inuwa da Launi a Kan Akoko: Yadda Muka Haɗa Zane da Wasan Kwaikwayo a Garwa

A Garwa, birnin da ke bakin kogin Binuwai a arewacin Kamaru, muka shirya wasan, da hunturu, kuma duk cikinmu babu ɗan gari: mai zane daga Njamena, 'yan wasa biyu daga Najeriya, mai gurmi daga Damagaram, sai ni mai kula da fitila da tsarin fage. Masu kallo wasu Fulatanci suke ji, wasu Hausa, wasu Faransanci. Shi ya sa muka rage magana, muka bar labarin a hannun inuwa da launi. 'Yan wasa suna bayan farin ƙyalle, mai zane yana gabansa daga gefe, yana zana a kai a idon jama'a.

Akoko muka yi amfani da shi, faɗi mita 4, tsayi mita 2 da rabi. A wanke shi da ruwan zafi kafin a auna, domin sabon yadi yana da sitaci mai hana launi kamawa, kuma auduga tana tsukewa bayan wanki. Inda tela ya haɗa ƙyalle biyu, da an kunna fitila ɗinkin zai fito baƙin layi. Ba ya ɓoyuwa, sai muka sa shi a kwance, ya zama gaɓar kogin Binuwai a cikin zanen. A zura bututun ƙarfe a kalmasar ƙasa, a danne ƙafafun katakon da ke riƙe da ƙyallen da buhunan yashi, in ba haka ba iskar hunturu ta kifar da komai.

Fitila ɗaya tak, mai ƙwai ɗaya. Irin ta kasuwa mai ƙananan ƙwayaye da yawa, kowace ƙwaya inuwarta daban, sai gefen inuwa ya dushe, a kasa gane yatsun hannu. Tamu mai wat 50 ce a kan batirin mota na bolt 12, tana jan kusan amfa 4, don haka wasan minti 40 ba ya girgiza batirin. Ba ruwanmu da ɗauke wuta, ba ƙarar janareta da zai danne gurmi. Mun ajiye ta a ƙasa, mita 4 a bayan ƙyallen. Ɗan wasa da ya tsaya a tsakiya, wato mita 2, inuwarsa ta ninka shi sau biyu, kansa ya fice daga ƙyallen. In ya manne da ƙyallen, ta dawo daidai jikinsa. Da alli muka ja layuka a ƙasa, kowa ya haddace nasa. Kuma a gicciye ake wasa. Wanda ya fuskanci jama'a ba a ganin hanci ko baki, dunƙule ne kawai.

Wurin launi ne mai zane ya fi shan wuya. Fentin roba da ya saba da shi, ko ja ne ko shuɗi, baƙi yake fitowa idan haske ya biyo ta baya, ga shi yana bushewa a kan buroshi cikin 'yan mintuna a bushin hunturu. Dole sai launin da haske ke ratsawa. Zoborodo, hannu biyu a lita ɗaya, a tafasa har ya koma rabi, yana ba da ja mai duhu. Gangamau da aka tafasa aka tace yana ba da rawaya. Ruwa zalla yana nashewa a zare, saboda haka a jiƙa ƙaro ya kwana, mudu ɗaya da ruwa mudu biyu, a tace, a zuba cokali guda a kowane kofin launi. In ya wuce haka buroshi zai dinga ɗafewa.

Abin da ya fi tada jama'a tsaye shi ne kanwa. Ruwan kanwa yana mai da rawayar gangamau ja, zoborodo kuma ya koma kore-kore. A wurin da gobara ta ci kasuwa a labarin, ɗan wasa ne ya shafa soso mai kanwa ta baya, sararin zanen da aka shafa wa gangamau ya rine ja ba tare da an ga wani fenti ba.

Saɓani tsakanin mai zane da 'yan wasa a kan lokaci yake. Shi yana son ya ja da baya ya duba, ya gyara. Su kuwa daƙiƙa biyar ba motsi a fage mutuwa ce. Maganinsa, a ɗauki hannun mai zane tamkar ɗan wasa, kowane layi da lokacinsa, mai gurmi ne ke ba da alama ga kowa. Gwaji kuma da ruwa zalla ake yi: jiƙaƙƙen akoko ya fi barin haske wucewa, layin yana fitowa sarai, ya bushe, a sake. Ƙyalle ɗaya ya ishi duk gwaji, amma kowane daren wasa sai sabo.

Tun kafin a fara, a rubuta wa zai mallaki ƙyallen bayan wasa, da yadda za a raba kuɗi in an sayar, tunda baƙi ne, kowa zai koma ƙasarsa. A kuma gaya wa mai saye gaskiya: zoborodo yana komawa ruwan ƙasa, gangamau yana kodewa a rana. Wanda za a rataye a ɗakin nuni, da tawadar kanti mai launi ake sake zana shi.